Shekara Shida Ina Tsallake Matata da Farantin Jibi

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Ku yi mini haƙuri, a zaune zan yi magana, gwiwoyin nan sun daina ɗaukata kamar da.

Sunana Ishaya. Masu ba da shaida sukan ce Allah ya raba su da giya ko da ciwo. Ni ban taɓa sa giya a bakina ba. Abin da Allah ya cece ni daga gare shi ya fi giya wuyar ganewa, domin a cikin sujada nake yin sa, da Littafi Mai Tsarki a hannu, mutane kuma suna yaba mini.

Lokacin da gwamnati ta ɗauke kujerarta daga Legas ta kawo Abuja, ina cikin ƙananan ma'aikatan da aka kwaso. Aikina ajiye fayil ne. Takarda ta shigo in ba ta lamba, in ba ta cika ba in mayar da ita inda ta fito. Shekara da shekaru ina wannan, har ya zama haka nake kallon mutane ma.

Aka ba mu ɗaki biyu a kwatas na Nyanya, ni da matata Rifkatu da 'yarmu Alheri. Garin bai zauna ba tukuna. Ko'ina gini ake yi, ruwa sai tanka ta zo, motar ma'aikata in ta wuce ka ka shiga uku. A Legas muna zuwa babbar majami'a, ba wanda ya san ka balle ya tambaye ka daga ina kake. A nan kuwa ba mu da majami'a kusa. Sai mu 'yan Arewa da ke kwatas muka fara taruwa a falona ran Lahadi. Akwai mutanen Filato, akwai na Kudancin Kaduna irina, akwai na Adamawa da Binuwai. Kowa da ɗarikar da ya taso a ciki, amma waƙoƙinmu na Hausa ɗaya ne, ya ishe mu.

Sau ɗaya a wata wani fasto yakan zo daga Keffi a kan babur ya ba mu Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu. Da yake na fi sauran karatu, aka naɗa ni dattijon ikilisiya, ni nake zagayawa da faranti. Gurasar kuwa Rifkatu ce take gasawa. Ba mu da abin gashi, sai ta zuba yashi a gindin tukunya, ta ɗora a kan risho, ta sa kwaɓin a marfin gwangwani ta rufe. Tun ran Asabar gidan yake ƙamshi.

Wata rana na ce ai ya kamata mu yi tsari. Kowa ya kawo katinsa na baftisma in gani, in buɗe rajista. Ba wanda ya ce in yi haka. Hannuna ne kawai ba ya iya zama ba tare da rajista ba.

Da katunan suka zo sai na ga iri biyu ne. Wasunmu an nutsar da mu a ruwa bayan mun girma mun ba da gaskiya. Wasu kuma tun suna jarirai aka yayyafa musu ruwa a ka. Na zauna da littattafaina mako uku. Na fito da matsaya cewa yayyafawa ba baftisma ba ce, wanda kuma ba a yi masa baftisma ba ba shi da rabo a teburin Ubangiji. Na tambayi fasto. Ya share gumi ya ce, "Dattijo, kai kake zaune da mutanen nan. Ni baƙo ne." Na ɗauki wannan a matsayin sa hannu.

Mutum biyar abin ya shafa. Uku suka yarda aka kai su rafi aka nutsar da su. Ɗaya ya daina zuwa. Ta biyar ita ce matata.

Na san katinta tun kafin in aure ta. Ya yi ja don tsufa, a cikin leda take ajiye shi a ƙasan akwati. A gefe guda akwai dangwalen yatsa, na mahaifinta ne. Shi ya goya ta a kafaɗa ya yi tafiyar yini guda a ƙasa zuwa inda mai bishara yake, a can ƙasar Numan. Bai kai shekara ba bayan haka ya rasu. Ba ta da hotonsa, ba ta tuna fuskarsa.

Na ce mata, "Maman Alheri, abu ne mai sauƙi. Rafi ne kawai, minti biyar."

Ta ce, "Baban Alheri, in na shiga rafin nan na ce abin da babana ya yi ba kome ba ne. Da na girma na tsaya gaban ikilisiya na amsa da bakina. Ni Kirista ce. Ba zan sake ba."

Na buɗe mata ayoyi. Na zana mata a takarda. Ta saurara har na gama, ta tashi ta ɗora tuwo.

Ran Jibi na farko bayan haka na zo gabanta da faranti, na tsallake ta na miƙa wa ta kusa da ita. Na ce a raina wata ɗaya ko biyu za ta sauko. 'Yan'uwa, shekara shida muka yi a haka.

Ba ta daina gasa gurasar ba. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Kawai gidan ya yi sanyi. Mace ce mai waƙa in tana wanki, sai na lura ta daina, ban ma san ranar da ta daina ba. Ni kuma ina ta ƙaruwa a idon mutane. Muka bar falo muka koma ajin wata makarantar firamare. Ana cewa, "Ku ga Dattijo Ishaya, ko matarsa bai ɗaga wa ƙafa ba." Ina jin daɗin wannan magana, ba zan ɓoye muku ba. Duk Lahadi da yamma akwai nazari, ni kuma ba na barin ya ƙare sai na kayar da wani. Samari suka koyi salona, suna zuwa da tambayoyin da ba amsa suke nema ba.

Amma na gaji. Irin gajiyar da barci ba ya maganinta. In na durƙusa yin addu'a sai in ji kamar ina karanta wa oga rahoto. Ina cin Jibi kowane wata, ba na jin kome sai gari da ruwa.

Akwai wani tsoho a cikinmu, Baba Yohanna, direban ma'aikatarmu. Shi ya yi ta jigilar fayil-fayil daga Legas a babbar mota. Katinsa lafiya lau, a kogi aka nutsar da shi. Amma tun lokacin da na fara tsallake Rifkatu, in na zo gabansa sai ya girgiza kai ya sunkuya. Na ɗauka wani zunubi yake ɓoyewa, har na sa alama a gefen sunansa a rajista.

Wata Lahadi bayan Jibi muka dawo gida da rana. Na manta tabarauna a jakar da ake sa kayan Jibi, na shiga kicin in ɗauko. Rifkatu tana tsaye ta ba ni baya, farantin yana hannunta, ba ta wanke ba tukuna. Ta jiƙa yatsanta a baki tana dangwalo ɓarɓashin gurasar da ya rage, ɗaya bayan ɗaya. Ta tara a tafin hannu. Ta rufe ido, leɓunanta suna motsi, sannan ta ci.

Kun san abin da ya fara zuwa bakina? Gyara. Na ce, "Maman Alheri, wannan ai ba bisa tsari ba ne."

Ba ta firgita ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Na sani. Ka rubuta a rajistarka."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun watan farko." Ta juya ta zuba wa farantin ruwa.

Ban iya cin abinci ba ranar. Ni ne na koyar a nazari game da matar nan baƙuwa da ta roƙi Yesu, ta ce ko ɓarɓashin da ke faɗuwa daga tebur ya ishe ta, Yesu kuma ya yaba bangaskiyarta. Na koyar da shi da kyau, har da tarihin garin da ta fito. Ashe matar tana kicin ɗina.

Washegari a ofis na nemi Baba Yohanna. Na same shi yana goge mota. Na ce, "Baba, me ya hana ka cin Jibi duk shekarun nan?"

Ya matse tsumma ya ce, "Dattijo, ni ban yi boko ba, ban san wane ruwa ya fi wane ba. Amma a gidanmu ba a cin abincin mace a bar ta tana kallo. Ita ta gasa. Yaya zan haɗiye?"

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Wa ya taɓa faɗa maka magana ya gama?"

Na koma ɗakin ajiyar fayil na rufe ƙofa. Akwai ɗaurin fayil-fayil da aka kawo daga Legas, har lokacin ba a kwance igiyarsu ba. A kansu na zauna. Na so in yi addu'a irin wadda na saba, mai kai da ƙafa, ta ƙi fitowa. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ubangiji, na gaji. Teburinka ne, ni na mai da shi ofishina. Ka karɓi abinka." Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

A nan ne maganar da manzo Bulus ya yi wa Korintiyawa a kan Jibi ta dawo mini. Ya ce kowa ya binciki kansa kafin ya ci, ya kuma ce a jira juna. Na san ayoyin da ka. Shekara shida ina binciken kowa ban da ni, ban kuma jira kowa ba.

Kada ku ɗauka na canza ra'ayi a kan baftisma. Har gobe in ka tambaye ni, nutsarwa nake gani a Littafi, Alheri ma a rafi aka yi mata. Abin da Allah ya cire mini shi ne tunanin cewa fahimtata ce ƙofar teburinsa.

Na je Keffi na gaya wa fasto. Ya ce ya daɗe yana jiran wannan tafiya tawa. Lahadin da ta biyo na tsaya gaban ikilisiya na furta laifina. Ba kowa ya ji daɗi ba. Samari huɗu daga cikin waɗanda na horar suka tashi suka fita, ɗaya ya ce na sayar da gaskiya saboda mace. Da kalmomina ya yi mini faɗa, ban ga laifinsa ba. Biyu daga cikinsu ba su dawo ba har yau, wannan yana kaina.

Ran Jibi na zo gaban Rifkatu da faranti. Na tsaya. Ta dube ni, ta naɗe hannuwanta. Na daɗe a tsaye kafin na wuce.

A gida ta ce, "Baban Alheri, na yafe maka. Zan ci. Amma ba daga hannunka ba. In na ga hannun nan da faranti, wucewarsa nake gani."

Ban yi gardama ba, karo na farko a rayuwata. Na ajiye aikin rarraba Jibi. Ikilisiya ta naɗa Baba Yohanna, shi ya miƙa mata a wata na gaba. Ta ɗauka ta ci, shi ma ya ci. Ni ina zaune a benci na baya.

Haka muka ci gaba. Waƙa ta dawo gidan a hankali. Na yi ritaya muka dawo nan Mararaba. Baba Yohanna ya koma garinsu ya rasu. Sau biyu ana neman in koma riƙe faranti ina ƙi. Rifkatu ba ta sake ta da maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Fiye da shekara ashirin ke nan, na riga na sa a raina cewa haka za mu mutu.

Kun san bara ciwon shanyewar jiki ya kwantar da ita. Hannun dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu rawa yake, magana sai da ƙyar. Watan jiya fastonmu ya kawo mata Jibi gida. Na tashe ta na jingina ta da matashi, na koma bakin ƙofa na tsaya kamar yadda na saba. Fasto ya yi addu'a, ya gutsura gurasar, ya kai hannu zai sa mata a baki.

Ta kawar da kai.

Fasto ya ce, "Mama, lafiya?"

Ta yi ta kokawa da harshenta. Sannan ta ce, "Ba shi."

Fasto bai gane ba, ai bai san labarin ba. Ya ce, "A ba wa, Mama?"

Ta ce, "Baban Alheri."

Ban san yadda na taka daga ƙofa zuwa gado ba. Na karɓi gutsuren, na durƙusa da waɗannan gwiwoyin, na sa mata a baki. Ta tauna a hankali tana kallona. Wani ɗan ɓarɓashi ya faɗo a kan zanenta. Ta bi shi da ido, ta dube ni, sai na ga gefen bakinta mai motsi ya yi murmushi. Na dangwala shi da yatsa na ci.

Na gode wa Allah da bai bar ni na mutu da rajista a hannu ba. Na gode masa da ya ba ni matar da ta fi ni sanin Littafin da nake koyarwa. Ku yi nazari, ku yi muhawara, ba laifi ba ne. Amma in kun tashi, ku duba wa kuka bari da yunwa. In kuma akwai wanda ya gaji irin gajiyata, ya faɗa wa Ubangiji haka nan, ba sai ya tsara ba, zai ji shi.

Ku ci gaba da yi wa Maman Alheri addu'a. Yanzu zan tafi, lokacin abincinta ya yi, ni nake ba ta. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.