Ƙwaya Ɗaya, Ciwo Biyu

A tashar Kalgo muna jiran motar Gwandu ta cika, ni kuma ina sana'ar da na fi ƙwarewa a kai: ido kan waya, kunne wurin mutane. Wani dattijo ya ga matashin da ke gefensa yana haɗiye ƙwaya.

"Ɗana, maganin mi ne wanga?"

"Na ciwon hanta ne, Baba."

"Allahu akbar! Shi ke damun yarona Basharu, idanunshi sun yi ɗorawa. Tsadar maganin ta kayar da ni. Ina kake saye?"

"Ba na saye. Kyauta ake ba ni."

"Kyauta? Nuna min ƙofar!"

Matashin ya dubi takalminsa.

"Baba, ƙofar masu cuta mai karya garkuwar jiki ce. Ina da ita, ina da na hanta. Ƙwaya ɗaya ke riƙe su duka. Ga mutane dai, hantar kawai nake faɗi."

Dattijon ya waiga hagu da dama.

"Basharu ma can suka rubuta shi. Wata huɗu yana sha, na hana shi komawa. Na ce kada 'yan unguwa su gan shi a layin."

"Subhanallahi! Baba, in an daina, hantar ke fara tashi. Likita ya gargaɗe ni."

"Na gani, ɗana. Kullum ina gani."

Ya matso, ya rage murya har sai da na miƙa wuya ba kunya.

"Wace rana suke buɗewa?"