Injin Banɗaki Mai Buga Ƙararrawa

A layin shagon kayan famfo da na wuta, wani dattijo yana ta dariya shi kaɗai, har matashin da ke bayansa ya kasa haƙuri.

"Baba, a ba mu mu sha mana!"

"Banɗaki na yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yaro. Ka san ƙazanta ba ta hawa sama da kanta, sai aka binne tanki da injin tura ta."

"To, ina abin dariya?"

"Mai gyaran wuta ya haɗa injin da wayar ƙararrawar ƙofa! Ina sakin ruwa, sai gida ya ɗauka: ƙirrr! Ranar farko matata har da yafa mayafi, ta buɗe ƙofa tana, 'Sannunku da zuwa!'"

"Wayyo cikina! Ai sai a raba wayar."

"A raba? Ta ce duk wanda ya taɓa, ita da shi ne. Tun da na zame a wanka bara, in ta ji ƙarar nan, ta san tsohonta na nan da ransa."

"To, me kuka zo saya?"

"Ƙararrawar da ta fi ƙara, yaro. Kunnenta ya fara nauyi."