Fuskar da Ke Tagar Matuƙi

A ɗakin jira na filin jirgin sama, wani dattijo ya manne da gilashin taga, riƙe da 'yar ƙaramar kyamara. Mai hoton da ke gefensa, da ƙatuwar jaka a kafaɗa, ya kasa yin shiru.

"Baba, da wannan akwatin ashanar za ka ɗauki jirgin can? Ai ko fiffike ba za ka samu ba."

"Ɗan nan, ƙaramin goro ya fi babban dutse. Shago huɗu na zaga kafin na zaɓe ta. Na ce musu ba ruwana da girma, mai jawo nesa kusa nake so."

"To jingina gwiwar hannunka a nan, ka riƙe numfashi, kar ta yi rawa."

Dattijo ya bi shawara. Hancin kyamarar ya miƙe, ya danna, ya duba, sai ya saki kabbara.

"Zo ka gani! Tagar matuƙi ce wannan."

"Ikon Allah, har murmushinta ya fito! Mace ce ke tuƙin?"

"Autata ce. Yau ne tashinta na farko da fasinjoji."

"Ta san ka zo?"

"Ina fa! Shekara uku ban kula ta ba, wai don na ce aikin ba na mata ba ne." Ya goge ido da hannun riga yana dariya. "Kai, a ina ake wanke hoto babba, wanda zai cika bangon falo?"

"Taho mu je, Baba. Wannan da hannuna zan wanke shi."