Adaidaitar Ɗan Iya da Golan Ƙauyensu

Caji ya ƙare wa adaidaitar Ɗan Iya mai lantarki a tsakiyar gonaki, ga golan ƙauyensu a ciki, ana jiransa a wasan ƙarshe na gasar ƙwallo a Minjibir. Washegari yana shagon caji a tasha, wani baƙo ya zauna kusa da shi yana ƙunshe dariya.

"Malam, ba an ce abar nan tana cin kilomita tamanin ba?"

"Tana ci mana, in ka lallaɓa ta a kwalta!"

"To me ya shanye cajin?"

"Yashi, ga ƙarti biyar da ganga. Sannan wani shaƙiyyi a babur ya wuce ni yana min gwalo. Ni Ɗan Iya? Na murɗa ta har ƙarshe! Wallahi cajin ya dinga zuba kamar an huda buhun gero."

"Ka kamo shi?"

"Saura ƙiris!"

Baƙon ya riƙe ciki don dariya. "Ai ni ne mai babur ɗin. Sau uku ina sassautawa don kada ka haƙura. Ƙanena ne ya zura muku huɗu!"

Wanzamin ƙauyen aka tsayar a raga ranar a madadin golan. Ragon kyautar gasar ya zauna a Minjibir, Ɗan Iya kuwa sati guda ko sallamarsa ba a amsawa a ƙauye.