Tukunyar Baba Okuda da Kwanonin Badariya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdulmuhaimin; mai girma Mai Unguwa, Allah shi ƙara maka lafiya; limaminmu Malam Muhyiddeen, Allah shi gafarta Malam; Sarkin Pawa, wanda tun da aka ambaci sunana yake harara ta kamar na zo raba shi da sana'arsa; iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa; matasanmu, waɗanda na san ƙamshi ne ya kawo su, ba jawabi ba; jama'ar Badariya baki ɗaya, da baƙinmu na Argungu da Ambursa: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ƙaratowar wata Babbar Sallah, ina kuma godiya ga ƙungiyar unguwa da ta ga ya dace a kira ni, ni Sahabi, tsohon malamin gona, in yi bayanin yadda mutanen Japan ke haɗa miyar gasa nama. Na san wasu na cewa a ransu, mu da muka gaji tsire da balangu, wa zai koya mana gashi? Ku yi haƙuri ku saurare ni, ko don ragunan da ke ɗaure a gidajenku.

Shekarun baya, ina aikin shinkafa a fadamar Ambursa, aka tura ni Japan horo. A bakin makarantar akwai rumfar wani tsoho, Baba Okuda, mai gasa tsiren kaza da suke kira yakitori. Tukunya biyu gare shi na wata baƙar miya da yake tsoma tsiren a ciki. Ɗaya da giyarsu ta shinkafa, wannan ko kusa ban je ba. Ɗayar kuwa matarsa ce ta kafa ta tun tana da rai, babu ko ɗigon giya, domin ɗalibai Musulmi, kuma kajin yankan Musulmi yake saya mana. Ranar da zan taho, tsohon nan ya ɗebo mini ludayi guda a ƴar kwalba, ya riƙe hannuna, ya yi magana, tafinta ya fassara: "Matata ta fara ta, ba ta taɓa ƙarewa ba. Kada ka bari a ga ƙasan tukunyarka." Na ce na ɗauki alkawari. Na naɗe kwalbar cikin hulata na sa a akwati, har yau hular tana ƙamshi. Daga baya tafintan ya kira ni a waya, ya ce tsohon ya mutu, an rufe rumfar. Ke nan, jama'a, abin da ya rage na miyar nan a duniya yana cikin madafata a Badariya.

To, batu na farko: kayan haɗi. Ginshiƙinta shi ne baƙin sos ɗin nan na waken soya da ake sayarwa a kwalba. Ku duba jikin kwalbar ku tabbata babu giya. Su suna zaƙaƙa ta da giyar shinkafa, mu kuwa Allah ya hore mana mazarƙwaila da zuma, kuma na rantse sun fi. A zuba sos ɗin da ruwa daidai wa daida, a jefa mazarƙwaila, a daka citta ɗanya da tafarnuwa, a yanka albasar Aliero da ganyenta, a ɗan matsa lemon tsami, sai ƙasusuwan kaza da aka gasa suka yi ja. A sa wuta kaɗan, a bar ta tana ɗan motsi har ta kama bayan cokali. Kada a ƙara gishiri. Na maimaita, iyayenmu mata, kada a ƙara gishiri, kada a jefa dunƙulen magi, ko da hannu yana ƙaiƙayi.

Batu na biyu: yadda ake aiki da ita. In naman rago ne ko na sa, a yanka shi fale-fale, a ɗebi miyar a wani kwano daban, a gurza tuffa a ciki, a ƙara soyayyen riɗi da ɗan mansa, a jiƙa naman ya sha kamar daga azahar zuwa la'asar. Abin da ɗanyen nama ya taɓa, ba ya komawa uwar tukunya har abada. In tsire ne, sai ya kusa nuna a kan gawayi kafin a tsoma shi, a mayar kan wuta, a sake tsomawa, har ya yi sheƙi. Wanda ya shafa ta tun farko ya tafi hira, zaƙin zai ƙone, ya dawo ya tarar da gawayi a kan gawayi. Sarkin Pawa yana gyaɗa kai. Zan dawo kanka, ranka shi daɗe.

Batu na uku, wanda shi ne ya tsayar da ni a gabanku: tukunyar nan ba a juye ta, ba a wanke ta. A tafasa ta bayan kowane gashi, a tace, a ƙara sabuwa a kan tsohuwa, ta huce a adana a sanyi. Haka na riƙe ta shekara da shekaru. In aka ɗauke wuta, wasu na tunanin fanka, ni ina tunanin tukunya. Maƙwabta suka ji ƙamshi suka fara aiko da kwanoni, na riƙa sa musu nama, ban da miya. An ce rowa ce. Ba rowa ba ce, amana ce! Maiɗakina Jamilatu ta sha ce mini, "Malam, ludayi guda me zai rage?" Ni kuwa na ce ludayi guda aka ba ni.

Sai jajibirin Sallar bara. Na fito da tukunya na tafasa ta, na ajiye ta huce, na tafi kara in ƙara duba wani rago. Jamilatu ta tafi kitso. A nan ne yayata Ummu Hani ta iso daga Argungu da kwandon kifinta. Wanda ya san Yaya Ummu Hani ya san ba ta iya ganin tukunya mai baƙi ta yi barci. Ko a gidan gaisuwa ta ga ɗaya, sai ta nemi toka.

Na dawo ina jan rago, na tarar da ita a tsakar gida, ta ɗaure zane a ƙirji, tukunyata na kife a rana tana walƙiya, ina iya ganin fuskata a ciki. Ta ce, "Sahabi, wagga wace irin ƙazanta ce? Miya ta ƙone ta yi baƙi ƙirin kun aje ta, gobe Sallah! Sai da na sa toka da yashi kahin ta hita." Na ce, "Yaya, ina abin da ke ciki?" Ta ce, "Yana kwata, inda ya dace da shi. Ko godiya babu?"

Jama'a, ragon ya kuɓuce, ban bi shi ba. Na zauna a kan turmi. Yayata ce, ita ta goye ni, ba dama in ɗaga murya. Na tuna hannun tsohon nan a kan nawa, na tuna matar da ban taɓa gani ba, na ji na ci amanar matattu biyu a yini guda. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba ko ranar da ambaliya ta ci gonata.

Jamilatu ta shigo da kitso rabi, ta dubi tukunya, ta dube ni. Ta shiga ɗaki ta kwaso kwanoninta wofi, ta sa hijabi ta fita. Kun san al'adarmu: kwanon maƙwabci in ya shigo gidanka, ba ya fita wofi. Ashe duk kwanon da na sallama da nama kaɗai, kunya ba ta barin Jamilatu. Sai ta tare shi a zaure ta ƙara masa ludayin miya, ta kuma koya wa matar gidan doka: a tafasa, a ƙara, kada a ga ƙasa. Ni ina gadin ƙofar madafa, ashe ta zaure ake fasa-ƙwauri.

Kafin la'asar kwanoni suka fara dawowa, kowanne da matar gidan da aka kai shi a bayansa. Maƙwabciyarmu Ruƙayyatu ta kawo tata miyar, ta ce, "Malam Sahabi, na ɗan sa daddawa, don na ji kamar ba ta kai ba." Daga gidan Liman aka kawo mai kanumfari. Sa'ida, uwargidan Sarkin Pawa, ta kawo cike da kwano, da yaji da ƙuli-ƙuli a ciki. A ranar na gane dalilin da tsiren Sarkin Pawa ya canja ɗanɗano, yana ce wa mutane sirrin kakansa ne.

Muka juye su duka a tukunyar da Yaya ta wanke, muka tafasa. Na ɗanɗana ina fargaba. Ga daddawa, ga yaji, ga kanumfari, ga Badariya gaba ɗayanta. Amma can ƙarƙashinsu na ji rumfar Baba Okuda, ba ta je ko'ina ba. Na yi kuka, a gaban mata, ban kuma ce hayaƙi ne ba. An ga ƙasan tukunyata, amma miyar matar tsohon nan ba ta ƙare ba, domin tana da tukwane a gidajen da na hana.

Yaya Ummu Hani ta gasa giwan ruwanta da ita a ranar Sallah, ta siɗe yatsu, ta ce, "Ashe ƙazantar da daɗi. Zuba mini in tahi da ita Argungu." Na zuba mata da hannuna.

Saboda haka tukunyar tana can bayan rumfa yanzu, Jamilatu na riƙe da ludayi. Duk mai kwano ya miƙa, sharaɗi ɗaya ne: a tafasa, a ƙara, in maƙwabci ya aiko a ba shi. Roƙona ga matasa kawai shi ne a sa ido a kan Yaya, don na hango ta tana kallon gefen tukunyar.

Allah shi karɓi layyarmu, shi sa albarka a naman da za mu ci da wanda za mu raba. Allah shi ba iyalan Baba Okuda lafiya a inda suke. Allah shi bar mu da maƙwabtanmu, shi ba mu matan da suka fi mu hangen nesa, shi mayar da kowa gidansa lafiya, na Argungu da na Ambursa da na nan kusa.

Na gode.