A Wanke Anti Sakatariya a Inda Aka Ɓata Ta

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, shugaban makaranta da mataimakansa, abokan aikina 'yan kwamitin gudanarwa, malaman 'ya'yanmu, iyaye maza da iyaye mata da kuka bar shagunanku da ofisoshinku kuka cika ɗakin nan, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Ina godiya da aka ba ni dama a matsayina na wakiliyar iyaye. An ce in yi magana kan shirin jarrabawa. Ku yi mini afuwa, yau a fusace na zo, kuma kan Anti Sakatariya zan yi magana, matar da ta shekara goma sha tara a ofishin makarantar nan, wadda kwamiti ya dakatar makonni uku da suka wuce.

Na farko, abin da ya faru. An ɗauko wani mai gyara ranar Juma'a ya sabunta tsarin da ke tafiyar da kwamfutar ofis, don masu duba makarantu su zo su ga mun waye. Ranar Litinin Anti ta kunna, ta tarar da akwatin imel wayam. Babu saƙonnin hukumar jarrabawa masu ɗauke da lambobin yara ɗari da sha biyu, babu wasiƙun iyaye, babu komai. Aka kira mai gyaran, ya ce shi da ya tafi lafiya lau ya bar ta. Shi ke nan bincike ya ƙare! Kafin azahar an yanke cewa ita ce ta yi sakaci ba ta yi wa yara rajista ba, sannan ta goge shaida. Aka karɓe mabuɗi daga hannunta a gaban ɗalibai, aka ce ta ɗauki jakarta.

Na biyu, abin da aka gano. Ni tela ce, abin da na sani a kwamfuta bai wuce kunnawa da kashewa ba. Amma ina da yaya wanda ya yi furfura a gyaranta. Sau huɗu ina roƙo kafin a bar shi ya taɓa ta, sai ka ce gawa za a tono. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya danna nan ya danna can, sai ya yi tsaki ya ce mini, “Ke, wa ya ce muku an goge? Tsohuwar manhajar imel a cikin kwamfutar take ajiye saƙonni. Sabon tsari ya zo da tasa manhajar, ita kuma ba ta san ma'ajiyar waccan ba. Kamar ku tashi daga gida ne ku bar kaya a tsohon ɗaki, ku zo kuna ihun ɓarawo.” Ya buɗe foldar da tsohon tsarin ya bari, ya fara kwafe ta a ɗan ma'ajin nan da ake kira filas don kada a sake yin ɓarna, sannan ya shigo da saƙonnin cikin sabuwar manhajar. Minti arba'in, jama'a. Ko shayin da na kawo masa bai shanye ba. Saƙo dubu huɗu da ɗoriya suka dawo, da lambar kowane yaro, da ranar da Anti ta yi masa rajista.

Minti arba'in muka kasa ba ta. Mun sami lokacin zama, mun sami lokacin buga takarda, mun sami lokacin nemo hatimi, amma ba mu sami lokacin tambayar wanda ya san aikin ba. Matar da ta san sunan kowane yaro da na uwarsa, matar da take ajiye allura da zare a durowa saboda wandon da ya yage a filin wasa, ita muka shafa wa kashin kaji. Yau ko kasuwa ba ta iya shiga. 'Yarta ta gaya mini wata uwa ta tare ta a bakin titi ta ce, “Ki gaya wa uwarki Allah ya isa.” Wa zai dawo da wannan? Yayana ya iya dawo da imel, wannan kuwa ya fi ƙarfinsa.

Na uku, kuma a nan nake so ku buɗe kunnuwanku. A cikin abin da ya dawo akwai saƙon da Anti ta aika kwana uku kafin a taɓa kwamfutar. Ga shi na buga a takarda. Ta ce: “Ranku ya daɗe, don Allah kada a sabunta kwamfutar nan sai an kwashe saƙonnin an adana a wani wuri. Lambobin jarrabawar yara suna ciki.” Mutum bakwai ta aika wa, 'yan kwamiti gaba ɗaya. Babu wanda ya amsa.

Ina ganin wasu suna sunkuyar da kai. Kada ku ɗauka na zo nuna ku da yatsa ne ni in tsira. Da na ga sunayen, na ciro wayata na duba. Saƙon yana nan, ko buɗe shi ban yi ba. Shaidar da za ta wanke ta tana cikin jakata ranar da na karɓi biro na sa hannu a takardar dakatar da ita. Sa hannu na uku nawa ne.

Saboda haka ba wasiƙa za mu tura mata ba, ba kuma ɗan aike ba. A bainar jama'a aka ɓata ta, a bainar jama'a za a wanke ta, gobe da safe a gaban ɗaliban da suka ga fitarta. Kafin nan, da an tashi daga taron nan, gidanta na nufa. Sauran mutum shida, ina jiranku a bakin ƙofa. In ta ƙi buɗe mana, ta yi daidai, mu tsaya a rana har ta ga dama.

Allah ya ba 'ya'yanmu sa'ar jarrabawa, ya saka wa malamansu da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya sanyaya zuciyar baiwar nan tasa, ya sa ta iya kallon fuskokinmu.

Na gode.