Babana Yana Gadin Dawar Alhaji

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa da masu sauraro. Hamisu ne, daga wani gari kusa da Malumfashi.

Ranar Talata da safe na bi ta gonar Alhajin da ya sayi tsohon gidan silimar garinmu ya mai da shi sito. Sai na ga baƙin zare mai ƙyalli an ɗaɗɗaura a kan dawa don korar tsuntsaye. Na ɗaga shi a hasken rana. Wallahi zaren fim ne! Fim ɗin kasuwar audugarmu, wanda marigayi babana ya fito a ciki yana ɗora buhu a sikeli. Manya sun ce a da idan aka haska shi, 'yan kallo har sunansa suke kira. Ba mu da hotonsa sai wannan.

Shekara biyu ina roƙon Alhaji zaren nan, kullum sai ya ce, "Dawo gobe, yana ajiye." Da na tunkare shi ranar, dariya ya yi ya ce, "To ai ga baban naka yana yi mini gadi."

Malam, wannan mutum ne? Ban zage shi ba, amma ban yafe ba. Rabin zaren yana sito, bai yanka shi ba tukuna. Ku ba ni shawara: in kai shi wajen mai gari, ko in je in ɗauko da kaina?

Kada ya musa. A gaban Sale mai faci ya faɗa, da Baba Lawal wanda ya tsufa yana kunna injin silimar.